Ranar Yaɓe a Lambun Tunau

Masu riƙe da tarihin Kurfasa sun ce yaƙin Sarki Nomau da ƙanensa Ciroma Arzika ya daɗe har mutane suka manta wanda ya fara zagin wani. Ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha. Da ubansu ya rasu aka naɗa babban, ƙaramin ya ce an cuce shi a rabon garuruwa, ya kwashi mutanensa ya haye Dutsen Kwarau. Tun daga nan kowace kaka sai an fita, kowane rani sai an binne. Jariran da aka haifa a farkon rigimar su ne yanzu ke rataye da kwari da baka. Makaɗa sun gaji da kiɗa, mata sun gaji da kuka, ungulu ce kaɗai ba a taɓa jin ta koka ba.

Karo na baya-bayan nan a Fadamar Kuka aka yi shi. Tun hantsi ake gwabzawa har rana ta karkata. Dawakan lifidi suka nutse cikin taɓo, 'yan ƙasa suka bi su suna sara. A nan Madawaki Jibir, shugaban rundunar Sarki, ya rasa ɗansa namiji na ƙarshe. A nan kuma mashi ya sami Ciroma a kafaɗar dama, aka fitar da shi a kan garkuwa. Kowane ɓangare ya koma gida ya sa aka yi masa kiɗan nasara. Nasarar me? Oho.

Ana cikin jinyar raunuka sai ga manzo daga Gidan Tunau. Wannan gida shi ne tsohuwar fada, wadda kakansu Sarki Tunau Mai Lambu ya gina kafin a tashi a koma sabon birni. Tana tsakanin Kurfasa da Dutsen Kwarau, ba mai kwana cikinta sai gwaggonsu Magajiya Tasalla da 'yan tsofaffin barorinta. A tsakiyar lambun gidan kushewar Tunau take, cikin wani ɗan ɗaki na ƙasa.

Manzo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Magajiya ta ce a shaida maka giginyar da ke bayan kushewa ta faɗi da rana tsaka, ba iska, ba hadari. Ta daki bango ya tsage, har mutum na iya zura hannu. Ta ce ga bazara ta kawo jiki, in ruwan fari ya sami ɗakin nan a haka, zama zai yi. Ta kuma ce irin saƙon nan ta aika Dutsen Kwarau, ba ragi ba ƙari."

Kowa a fada ya san abin da ke ƙarƙashin maganar. Al'adar gidan ita ce ba mai taɓa bangon nan da ƙasa sai namijin da ke jinin Tunau. Ƙarami ya kwaɓa ya ɗauko, babba ya yaɓa. Su shiga ba rawani, ba takalmi, ba ƙarfe ko na allura. In kuwa ɗakin ya rushe a zamanin wani sarki, to, an rufe wa gidan tambura ke nan, sarauta ta koma wani gida. Tun da aka fara yaƙi ba a yi yaɓen ba. Sauran mazan gidan kuma, baffanni da 'ya'ya, fage ya cinye su, su biyun nan kaɗai suka rage.

Liman ya ce gargaɗi ne daga Ubangiji, a yi sadaka. Mai bugun ƙasa na fada ya zana ya share, ya sake zanawa, ya ce shi dai abin da ya gani babban abu ne zai faɗi. Kowa a zauren ya ɗauki babban abin nan ya ɗora wa wanda ba ya ƙauna.

Madawaki Jibir ya gyara zama ya ce, "Zaki, Allah ya ba ka nasara. Abin da dubban masu suka kasa yi mana, yau giginya ta yi mana. Damisa za ta sauko daga dutse ba farce, ba haƙori. Kibiya ɗaya, ranka ya daɗe, ɗaya tak, kowa ya koma gonarsa. Ni 'ya'yana maza duk na kai su fage, ban dawo da ko ɗaya ba. Ba ramuwa nake nema ba, wallahi ko ƙarfin ramuwar ba ni da shi. Gajiya ce na yi."

Sai Galadima Cindo ya yi gyaran murya. Tsoho ne tukuf, shi ya koya wa 'yan'uwan biyu hawan doki, a cinyarsa suka yi ƙiriniya, shi ya sa duka biyun Baba suke ce masa. Abu guda ya rage masa a duniya, ya ga yaran nan sun zauna a tabarma ɗaya kafin a kai shi makwanci.

Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki. Madawaki ya ce ya gaji, gaskiya ya faɗa, wa bai gaji ba? Ni da safe sai an kama ni nake miƙewa. Amma jinin da aka zubar a lambun Tunau ba zai kashe yaƙi ba, shuka shi zai yi. Mutanen dutse za su ce an ci amana a kan kushewa, tattaɓa-kunnensu ma sai sun rama. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A bar ni in hau dutsen nan da ƙafata, in sa wuyana a kan jinin yaron nan, in kawo shi ya shiga lafiya ya fita lafiya."

Sarki na zaune, amawali ya rufe masa fuska sai idanu, kamar yadda yake tun ranar da aka naɗa shi. Can ya ce, "Madawaki, mun ji ka, Allah ya jiƙan 'ya'yanka. Amma ba a lambun kakanmu ba. Baba Galadima, tafi."

Galadima ya tafi. A gaban jarumawan dutse ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Ciroma na kishingiɗe, kafaɗa ɗaure da saiwoyi, ya dube shi ya ce, "Baba, in aka kashe ni a can fa?"

Galadima ya ce, "To ni za a fara binnewa, kai ka biyo baya."

Madawaki kuwa, a can Kurfasa, ya yi wa Sarki gaisuwa ya fita kamar ya haƙura. Ina! Mutumin da ya binne 'ya'yansa duka ba ya jin kira. Ya aika ƙetaren gulbi aka kawo masa wasu maharba biyu, baƙi, waɗanda ba su san kowa ba a Kurfasa, kowa kuma bai san su ba. Ya nuna musu wata tsamiya da ke bayan katangar lambu, wadda rassanta suka leƙa ciki.

Ya ce musu, "Kada ku hau da wuri. Da safe mutanen dutse za su zagaye katanga suna dube-dube. Ku bari sai rana ta take tsaka, masu gadi sun nemi inuwa, aiki kuma ya yi nisa, don ba na son ɗakin nan ya rushe."

Babban maharbin ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya za mu gane shi? An ce kamarsu ɗaya, mu kuwa ba mu taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba."

Madawaki ya ce, "Ba ruwanku da fuska. Wanda kuka ga ya ɗora kwandon ƙasa a ka, shi ne naku. Sarki ba ya ɗaukar kaya. Tun da aka kafa Kurfasa ba a taɓa gani ba."

Ranar yaɓe rundunonin biyu suka sauka nesa da juna, ɗaya gabas da gidan, ɗaya yamma. Sarki ya shiga ta ƙofar gabas, Galadima na biye da shi yana dogara sanda, don shi ne shaida.

Kai, duniya ba ta da tabbas! Zauren da aka ce jakadun ƙasashe na kwana bakwai suna jiran a yi musu iso, yanzu jemagu ne ke fadanci a ciki. Bakan gizon soron yana nan tsaye, amma zanen bango ya koɗe, gara ta ci azara. Suka wuce soron da Tunau ke yanke shari'a, tantabaru suka tashi fir. Suka wuce barga, turaka sun ruɓe a ƙasa, ciyawa ta fito har gwiwa. Sarki na tafiya yana tsayawa. Ya nuna wani lungu ya ce a nan ya taɓa ɓoye Arzika ranar da yaron ya fasa tulun zumar kakarsu, shi Nomau ya sha bulalar.

Galadima ya ga ƙofar magana ta buɗe, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan shi ma ya gaji, na gani a idonsa. Kunyar mutanensa ce ta hana shi saukowa. Ka ba shi wani abin da zai koma da shi ya nuna musu, ya ajiye takobi ba tare da an yi masa dariya ba."

Sarki ya ce, "Me zan ba shi, Baba? Garuruwan da muke faɗa a kansu duk sun zama kufai."

A ƙofar lambu suka tarar da Magajiya Tasalla, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, baki ja da goro, Ciroma na tsaye gefenta. Ba ta durƙusa wa kowa ba. Ta ce, "Daga nan ba Sarki, ba Ciroma. Nomau, tuɓe. Arzika, tuɓe."

Suka warware rawuna, suka cire riguna da takalma, kowa ya rage daga shi sai 'yar shara ta saƙi da wando. Galadima ya dube su. Doguwar fuskar nan ta gidan, hanci ɗaya, goshi ɗaya, ga gemu duk ya yi fari fat. Shi a zuciyarsa har yau yara yake ce musu.

Magajiya ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha illallahu! Waɗannan ne yaran da na yi wa wanka? Ai kun fi ni tsufa. Abin da kuka samo ke nan a yawon naku?"

Arzika ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ina kwana."

Nomau ya ce, "Lafiya lau. Ya kafaɗa?"

"Da sauƙi. Mutumin naka ya iya jifa."

"Shi ma bai kwana ba."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Suka shiga. Lambun nan da ake ba da labarinsa har bayan hamada yana nan da sauran rai, amma ya zama kamar kan da ba a tsefewa. Itatuwan rumman sun haɗe da lemun tsami, lalle ya yi daji ya rufe hanya, ɓaure ya zubar da 'ya'ya suna ruɓewa ba mai tsinta. Dabinon da Tunau ya dasa a jere sun yi tsawo har ba mai iya hawa. Magudanan ruwa sun cushe da ganye, sai guda ɗaya da wani tsohon bara ke zuba wa ruwa da jigo, jigon na kuka kamar mai ciwon baya. Duk da haka akwai sanyi a wurin da ƙanshin furen lemo, irin wanda mutanen biyu suka manta akwai shi a duniya. A tsakiya ga ɗakin kushewa, ga giginya kwance, ga tsaga daga rufi har kusa da ƙasa.

Suka yi addu'a, suka kama aiki. An riga an tara jar ƙasa da ramno, wato yankakkiyar ciyawar kwaɓi, a gindin wani durumi, da tazara daga kushewar. Arzika ya shiga ya kwaɓa da ƙafa, ya cika kwando, ya ɗora gammo. Hannun dama ya ƙi ɗagawa. Ya cicciɓa da hagu, rabi ya zube, ya kai sauran. Nomau ya karɓa ya cusa cikin tsagar yana lailayawa da tafi. Haka suka yi ta yi. Kowane sawu Arzika na ƙara jinkiri. Can miki ya buɗe, jini ya ɓullo ta kafaɗar 'yar shara ya gangaro har gwiwar hannu. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙafa ta kwashe, ya durƙusa cikin taɓo.

Nomau ya tsaya yana kallonsa. Sai ya goge hannu a wando, ya tako har gindin durumi, ya cire gammon daga kan ƙanensa ya ɗora a nasa.

Magajiya ta ce, "Kai Nomau! Ba haka ake yi ba."

Ya ce, "Gwaggo, abu nawa muka yi da ba haka ake yi ba? Wannan ne kaɗai zai dame ki? Arzika, je ka bango, yaɓe ai ana yi da hagu."

Arzika ya ɗago ya ce, "Yaya, kai ne Sarki."

"Gwaggo ta ce a nan ba Sarki. Kama mini."

Ya kama masa, Sarkin Kurfasa ya ɗauki kwandon ƙasa a ka. Ya kai, ya dawo, ya sake kaiwa. Taɓo na ɗiga masa a gemu, wuya na rawa don bai saba ba, har Magajiya ta fashe da dariya ta ce ko jaki ya fi shi iya ɗaukar kaya. Shi ma ya yi dariya. Galadima ya juya baya ya share ido da hannun riga, don ya san abin da ya roƙa ne aka ba shi, har da ƙari.

Arzika na yaɓe ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "In mutanena suka ji Sarki ya ɗauko mini ƙasa da kansa, ba za su yarda ba."

Nomau ya ce, "Ga Baba nan shaida. Ka gaya musu."

Arzika ya ce, "Zan sauko, Yaya. Da ruwa ya sauka zan sauko. Wallahi na gaji da dutsen nan."

"Ka sauko. Ɗakinka na nan, ban ba kowa ba."

Rana ta take tsaka. Tsagar ta kusa rufewa, saura kamu kaɗan daga sama. Nomau ya cika kwando, ya ɗora, ya fito daga inuwar durumi ya shiga fili.

Ba a ji komai ba sai wani ɗan fito daga wajen tsamiya. Kibiya ɗaya ta shige shi a bayan wuya, ɗaya a haƙarƙari. Ya yi taku biyu ya kife, kwandon ya biyo shi. Rassan tsamiya suka girgiza, aka ji dirar mutane a bayan katanga da gudu.

Magajiya ta ƙwalla salati. Arzika ya rugo ya tallafo kan wansa, Galadima ya jefar da sanda ya rarrafo. Kibiyoyin masu dafi ne, kowa ya gani, leɓɓansa har sun fara baƙi. Nomau ya buɗe ido ya ce, "Gwaggo, ƙishirwa." Kafin a ɗebo ruwa daga jigo ya dubi ƙanensa ya ce, "Ƙarasa bangon." Ya yi kalmar shahada, shi ke nan.

Magajiya ta cire mayafinta ta lulluɓe shi. Ba ta yi kuka ba, ta wuce nan. Ta ce, "Ka ji abin da ya ce. Tashi."

Arzika ya tashi kamar wanda ake ja da igiya. Ya tattara ƙasar da ta zube daga kwandon wansa, ya koma bango, ya ba su baya, ya ci gaba da yaɓe da hagu.

Sai ga ƙarar tambura daga gabas. Maharba sun kai wa Madawaki labari cewa mai kwando ya faɗi, shi kuwa bai jira komai ba ya sa aka buga. Jim kaɗan ya shigo lambun, ba takalmi, ba rawani. Ya ga gawa a lulluɓe, ya ga mutum a bango, ƙasa ta rufe shi har ƙeya. Ya zo bayansa ya zube.

Ya ce, "Zaki, Allah ya ja zamaninka. Na saɓa umarninka, ga wuyana, ka yi mini hukuncin da ka ga dama. Amma yaƙi ya ƙare. Na sa an buga tambura, na shaida wa hakimai jinin Tunau ɗaya ne ya rage a lambun nan, sun kuwa yi masa mubaya'a, ba shi da abokin tarayya har abada."

Mutumin da ke bango ya juyo a hankali.

Madawaki ya dubi fuskar, ya dubi jinin da ke kafaɗar dama. Ya ja gwiwa zuwa wurin gawar, ya ɗaga bakin mayafi, ya sake shi. Ya zauna daɓas a cikin taɓo, baki buɗe. Ba wanda ya ce a kama shi, ba mai sauran ƙarfin cewa.

Arzika ya ce, "Madawaki, tashi ka jira ni a zaure. Ba za a zubar da jini sau biyu a lambun nan ba."

Madawaki ya fita yana dafa itatuwa. A waje tambura na ta tashi, rundunoni biyu sun ja ɗamara suna jiran a fito a gaya musu wanda ya rage. Galadima na durƙushe gefen gawa. Ya hau dutse, ya dafa Alƙur'ani, ya sa wuyansa a kan jinin ɗaya, ya kuwa cika alkawari. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa ɗayan ma yana bukatar wanda zai rantse a kansa.

Ƙasar da ke hannun Arzika ta ƙare. Ya ɗaga kai ya dubi abin da ya rage na tsagar, ya dubi tulin ƙasa can gindin durumi, ya dubi hannunsa da ba ya ɗagawa.

Ya ce, "Baba Galadima, kai ka san al'adar gidan nan. In mutum ɗaya ya rage, wa ke ɗauko masa ƙasa?"

Galadima ya laluba duk abin da ya ji daga bakin magabata, sarki bayan sarki, har zuwa kan Tunau. Sa'an nan ya gyara durƙuso, ya fuskanci yaron da ya koya wa hawan doki, ya kai goshi ƙasa.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ba a taɓa yi ba."